Agogon Ciki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Dabbobi Ke Sanin Lokacin Cin Abincinsu

Duk wanda ya taɓa kiwon dabba, kyanwa ce ko tumaki ko kifi, ya san wannan: kafin ka ɗauko kwanon abinci, ta riga ta iso tana jira. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu kiwo da masu sha'awar halin dabbobi suka fi maimaitawa a kan haka. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa abin da ke gudana a hanta da ƙwaƙwalwa.

Kyanwata tana zuwa gindin kwanonta kusan lokaci ɗaya kullum. Da gaske ta san lokaci ne?

Ta san shi. A jikinta akwai wani tsari da ke zagayawa da kansa, yana cika zagaye ɗaya cikin kusan awa 24. Shi ke tsara barcinta da farkawarta, da hawa da saukar zafin jikinta, da lokacin da wasu sinadarai ke kwarara cikin jini. Shi ake kira agogon jiki. Dabbobi masu shayarwa suna da shi, tsuntsaye da kifaye da ƙwari suna da shi, har tsirrai ma. Idan abinci ya riƙa zuwa a lokaci guda yau da gobe, sai jiki ya kama lokacin ya riƙe, ya fara tayar da dabbar tun abincin bai iso ba. Kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta: tun mutum bai ƙera agogo ba dabbobi ke zuwa wurin cinsu a kan kari.

Ba yunwa ce kawai ke taso ta ba? Ciki ya ƙone, sai ta zo?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma sai da masana suka kwashe shekaru kafin su warware ta. A 1922 Curt Richter na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya lura cewa ɓerayen da ake bai wa abinci sau ɗaya a rana suna fara kai-komo sosai a 'yan sa'o'in da suka gabaci lokacin. Kowa ya gani zai ce yunwa ce. Da haka ne, da abin ya yi kama da randa mai yoyo: an cika ta, tana ɗiga, in ruwan ya kai ƙasa sai dabba ta tashi neman ƙari.

Gwada wannan ba shi da wuya. A hana ɓeran abinci ranar, a zuba masa ido. In yunwa ce kaɗai, kai-komonsa zai yi ta ƙaruwa, tunda kowace awa cikinsa ƙara ƙonewa yake yi. Sai aka ga wani abu daban. Ɓeran yakan yi ta gudu har lokacin cin ya wuce, sannan ya lafa, alhali bai sa komai a baki ba. Washegari, a daidai wannan lokacin, ya sake tashi. Randa mai yoyo ba ta yin haka, in ta ƙare ta ƙare. Abu mai zagayawa ne kaɗai zai tashi, ya kwanta, ya sake tashi ba tare da an taɓa shi ba.

Ga shaida ta biyu. A 1965 Robert Bolles da abokin aikinsa suka ciyar da wasu ɓeraye duk bayan awa 19, wasu duk bayan awa 29. Ɓerayen suka kasa hango lokacin, alhali waɗanda ake ciyarwa duk bayan awa 24 sun kama nasu. Yunwa ba ruwanta da 24 ko 19. Agogon da aka gina a kan tsawon kwana guda shi ne ya damu da wannan bambanci.

To ko alamu take karantawa, kamar takun ƙafata, ƙarar kwano, ko inda rana ta kai?

Tana karanta su ƙwarai, kuma a gida yawanci abubuwan biyu tare suke aiki. Tun zamanin Ivan Pavlov na Rasha aka san cewa kare yakan fara dalalar da miyau da zarar ya ji sautin da ya saba ji kafin abinci. Buɗe ƙofa, zubar ruwa, muryar mai gida, duk dabba tana haɗa su da ci.

Amma ko an kawar da alamun, sanin lokacin ba ya gushewa. A 1955 wani masanin Jamus, Max Renner, ya horar da ƙudan zuma a cikin rufaffen ɗaki a birnin Faris na Faransa, ɗakin da fitilarsa ba ta mutuwa, zafinsa ba ya canjawa. Suka saba da samun ruwan sukari a wani ƙayyadadden lokaci. Daga nan ya ɗora amyar a jirgin sama zuwa Niyok ta Amurka, ya ajiye ta a ɗaki irin wancan sak. Ƙudan suka fito neman sukarinsu awa 24 bayan cin da suka yi na ƙarshe, wato a kan lokacin Faris, duk da cewa a Niyok rana ba ta kai wurin ba tukuna. Da lokacinsu suka ƙetare teku.

Me ke faruwa a jikin dabba a sa'o'in da suka gabaci abinci?

A ɗakin gwaji akan sa wa ɓera wata ƙafar keke a kejinsa, wadda yake shiga yana gudu a ciki, na'ura tana ƙirga kowane juyi. Ɓera ɗan dare ne, da rana barci yake yi. Amma in aka mayar da abincinsa tsakar rana kaɗai, bayan 'yan kwanaki za ka ga ya farka awa biyu zuwa uku kafin lokacin, ya shiga keken yana gudu, ya fito ya shinshina inda abincin ke faɗowa, ya koma ya ci gaba da gudu. A takardar da na'urar ke zanawa, wurin yakan yi baƙi ƙirin a tsakiyar farin filin barci.

Abin da ido ba ya gani ya fi wannan yawa. Zafin jiki yana hawa. Sinadarin kotikosteron, mai fito da makamashin da jiki ya adana, yana ƙaruwa a jini, kuma tun 1974 Dorothy Krieger ta nuna cewa ƙololuwarsa tana ƙaura ta koma gab da sabon lokacin ci. Hanji yana ƙara yawan sinadaran narkar da abinci. Tumbi yana sakin girelin, sinadarin da masu bincike a Japan suka gano a 1999, wanda ke buɗe sha'awar ci. A tumakin da ake ciyarwa a ƙayyadadden lokaci an ga girelin yana yin tsalle daf da lokacin, ya sauka bayan sun ci. Saboda haka dabbar da ke tsaye a bakin kwano ba ta zo da baki kaɗai ba. Cikinta ya riga ya hura wuta, tukunya kawai ake jira.

A daji babu mai kawo abinci a kwano. Mene ne amfanin wannan baiwa a can?

Abincin daji ma yana da lokutansa. Furanni da yawa suna fitar da ruwan zaƙinsu a wasu sa'o'i ne kawai na yini, kuma ƙudan zumar da ya iso bayan an kwashe ya yi asarar tashi. Wani likita ɗan Suwizalan, August Forel, ya ba da labari a 1910 cewa ƙudan zuma sun gano teburin da iyalinsa ke karya kumallo a waje, suna zuwa lasar kayan zaƙi. Daga baya suka riƙa zuwa a daidai lokacin, ko ranar da ba a fito da komai ba. A 1929 Ingeborg Beling, ɗalibar masanin ƙudan zuma Karl von Frisch, ta bi abin da gwaji: ta ɗiga wa kowane ƙuda fenti don ta gane shi, ta saba musu da ruwan sukari a lokaci ɗaya, ranar gwaji ta ajiye faranti babu komai, ta zauna tana rubuta zuwan kowanne. Mafi yawansu a lokacin da aka saba musu suka zo.

A gaɓar tekun Holan akwai tsuntsaye masu fasa ƙumba, waɗanda ba sa samun abinci sai ruwan teku ya janye. Idan ruwa ya cika sukan koma filaye su huta, inda ba sa hango gaɓar, amma sukan tashi su nufi can a lokacin da ya dace. A ƙasar dai an ga wani ƙaramin shaho da ke yawan komawa wurin da ya yi kamu jiya, a daidai lokacin da ya yi shi. Wanda ya riga isa shi ke ci, kuma wanda ya san lokaci ba ya ɓata ƙarfinsa ko ya fito fili a banza inda maƙiyi zai gan shi.

Jariran dabbobi ma suna da wannan, ko sai sun girma suke koya?

Amsar tana wurin zomo, kuma ni kam ban san misalin da ya kai wannan taɓa zuciya ba. Zomanyar Turai, wadda daga gare ta zomayen kiwo suka fito, tana haƙa rami, ta shimfiɗa ciyawa da gashin da ta tsige daga ƙirjinta, ta haihu a ciki, ta toshe bakin ramin ta yi tafiyarta. Sau ɗaya take dawowa a cikin awa 24, kuma shayarwar ba ta wuce minti uku zuwa biyar. Tana yin haka ne don kada yawan zirga-zirgarta ya nuna wa maƙiya ramin.

'Ya'yan ana haifarsu tsirara, idanu a rufe. Yawancin yini suna dunƙule a ƙarƙashin gashin, suna ɗumama juna. Amma awa ɗaya ko biyu kafin uwar ta zo sai su fara motsi, su ture shimfiɗar daga kansu, su taru a sama, suna ɗaga kai da jin ƙaramin motsi. Tana shigowa ta tsaya a kansu, kowa ya kama nono, cikin 'yan mintocin nan ɗa guda yakan sha abin da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa. Ta fice, su sake nutsewa cikin gashin. Wanda bai fito da wuri ba ya rasa abincin yini guda cur. In aka hana uwar zuwa rana ɗaya, sukan fito su jira, su gaji su koma, washegari su sake fitowa a kan lokaci, kamar dai ɓerayen da aka ambata a amsar tambayar yunwa.

Mai kiwon zomo ya lura da wannan. Sau da yawa akan ɗauka uwa ta yi watsi da 'ya'yanta don ba a ganinta tare da su. A duba cikinsu: in ya yi tantsan, fatar ba ta yamushe ba, suna sha.

A wane sashe na jiki agogon yake?

Babban agogon dabbobi masu shayarwa wani ɗan curi ne na ƙwayoyin jijiya kusan 20,000 a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. Masana suna taƙaita sunansa da SCN. A 1972 rukuni biyu na masu bincike a Amurka, Robert Moore da Victor Eichler a gefe guda, Friedrich Stephan da Irving Zucker a ɗaya gefen, suka nuna cewa in aka lalata wannan curi, tsarin yinin ɓera yakan wargaje: ya yi barci ya farka, ya sha ruwa, ba dare ba rana. Haske ne ke saita wannan agogo ta hanyar ido.

Sai a 1979 Stephan ya zo da abin da ya girgiza fannin. Ɓerayen da aka lalata wa SCN, waɗanda ba su ƙara bambance dare da rana ba, da aka riƙa ba su abinci a lokaci ɗaya kullum, sai ga su suna tashi kafin lokacin kamar lafiyayyu. Kuma su waɗannan marasa SCN suna iya hakan ne kawai in tazarar abincin tana tsakanin kimanin awa 22 zuwa 31. Ma'ana akwai agogo na biyu, mai bin abinci, wanda ba ya dogara da na haske.

To shi agogon abincin, ina yake zaune?

An bi jiki lungu-lungu ana nemansa. An cire 'yan ƙullutun da ke saman ƙoda masu fitar da kotikosteron, ɓeraye suka ci gaba da hango lokaci. An yanke babbar jijiyar da ta haɗa ciki da ƙwaƙwalwa, haka. An toshe jin ƙamshi, haka. A 2006 wani rukuni a Jami'ar Harvard ya ce ya gano wurin a wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira DMH, amma a shekarar ɗakin binciken Ralph Mistlberger a Kanada ya lalata wannan sashe ya ga ɓerayensa ba su daina ba. An daɗe ana muhawara a kai. A 2014 kuma aka nuna cewa dofamin, sinadarin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da ɗoki da neman lada, yana da hannu babba: ƙananan ɓerayen da ba su da wani wurin karɓarsa a ƙwayoyin jijiya ba sa nuna ɗokin kafin abinci yadda ya kamata.

Inda masana da yawa suka karkata yanzu shi ne, aikin na taron dangi ne. Sassa da dama na ƙwaƙwalwa, da tumbi, da hanta, da hanji, kowa yana riƙe da lokaci, suna aika wa juna saƙo ta jini da jijiya. A ganina wannan ya dace da hankali. Abin da rayuwa ta rataya a kansa ba a rataye shi da igiya ɗaya, in ta tsinke kowa ya faɗi.

Yaya nama da jini za su ƙirga awa 24? Kuma yaya abinci ke saita su?

Ƙirgar tana faruwa ne a cikin ƙwayar halitta ɗaya-ɗaya. Wasu ƙwayoyin gado suna ba da umarnin ƙera wasu furotin, mafi shahara su ne PER da CRY. Furotin ɗin suna taruwa a hankali, in sun yi yawa sai su shiga tsakiyar ƙwayar su rufe ƙofar da suka fito. Daga nan su ruɓe sannu a hankali, ƙofar ta sake buɗewa, a koma farko. Wannan cika da ragewa shi ke cin kusan kwana guda. A 1971 Ronald Konopka da Seymour Benzer suka gano ƙwayar gadon agogo ta farko a jikin ƙaramin ƙudan da ke bin 'ya'yan itace, inda suka sami ƙudaje masu yinin awa 19, da masu na awa 28, da marasa tsari sam. Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, waɗanda suka warware yadda abin ke aiki, sun karɓi kyautar Nobel a 2017.

Kusan kowace gaɓa tana da irin wannan agogo. A 2000 ɗakin binciken Ueli Schibler a Suwizalan ya mayar da abincin ƙananan ɓeraye rana maimakon dare. Cikin kusan mako guda agogon hanta ya juya gaba ɗaya ya bi abinci, shi kuwa SCN bai motsa ba, yana nan tare da haske. A 2001 rukunin Michael Menaker a Amurka ya ga hantar ɓera ta matsa da awa 10 cikin kwana biyu kacal. Ɗaya daga cikin manzannin da ke kai wa gaɓoɓi labarin abinci shi ne insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini: a 2019 masu bincike a Kambirij ta Ingila suka nuna cewa insulin ɗin da ke tashi bayan cin abinci yana sa ƙwayoyin halitta su ƙara ƙera PER, kamar mai murɗa hannun agogo.

Sai dai a 2009 an ga ƙananan ɓerayen da aka cire wa manyan ƙwayoyin gadon agogo suna ci gaba da hango lokacin abinci. Wannan ya ƙara ƙarfafa maganar igiyoyi da yawa da ke amsar da ta gabata.

Dabba tana iya riƙe lokaci fiye da ɗaya a yini?

Tana iyawa. Ɓeraye suna hango abinci biyu a yini in akwai tazarar sa'o'i tsakaninsu, ƙudan zuma kuwa suna riƙe lokuta da yawa. A 1989 Herbert Biebach da abokan aikinsa suka sa wasu ƙananan tsuntsaye a keji mai ɗakuna huɗu, kowane ɗaki ana buɗe abincinsa na awa uku kaɗai a yini. Tsuntsayen suka koyi wane ɗaki ne na wane lokaci, kuma ranar da aka buɗe duka huɗun tun safe, suka ci gaba da bin tsohon jerin.

Dabbar da ba ta ganin haske fa?

A kogunan ƙarƙashin ƙasa na Somaliya akwai wani kifi marar idanu, wanda kakanninsa suka yi kimanin shekara miliyan biyu a duhu. Binciken da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa haske ba ya saita agogonsa ko kaɗan, kuma agogon ƙwayoyin jikinsa in an bar shi yana cin kusan awa 47 kafin ya zagayo. Amma da aka riƙa ba shi abinci a lokaci ɗaya kullum, sai ya fara yawan iyo kafin lokacin. Ya rabu da agogon haske, bai rabu da na abinci ba. Haka kare ko kyanwar da ta makance ba ta rasa sanin lokacin cinta, kuma tsayayyen lokacin abinci yana daga abin da zai taimaka mata ta tsara yininta.

Kaji da kifin kiwo ma haka suke?

Haka suke. Kifi yakan taru inda ake watsa abinci kafin mai watsawa ya iso. Kaza kuwa takan ƙara ci kafin duhu, ta cika jakar abincin da ke wuyanta don ta kai ta safe. Shi ya sa in ana kiwon kaji da fitila, ya kyautu a riƙa kashe ta a lokaci ɗaya kullum, don su san yaushe za su yi guzurin dare.

Ina so in canja lokacin da nake ba da abinci. Kwana nawa za ta ɗauka kafin ta saba?

Kwanaki ne, ba dare ɗaya ba. In kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja, amma agogon jiki ba ya tsalle, matsawa yake yi kaɗan-kaɗan kowace rana har ya cim ma sabon lokacin. A tsakani dabbar za ta riƙa tashi a tsohon lokaci, cikinta a shirye, babu abin ci. Hanya mafi sauƙi gare ta ita ce a riƙa matsar da abincin da minti goma ko sha biyar kullum. Masu kiwo a ƙasashen da ake tura agogo gaba ko baya da awa guda sau biyu a shekara sun san wannan matsala, domin dabbobinsu ba sa bin agogon hukuma.

Kyanwata tana tashe ni da asuba tana kukan abinci, kuma kullum ƙara sammako take yi. Me zan yi?

Abu uku ne suka haɗu. Kyanwa dama mai kuzarin asuba da magariba ce. Agogon cikinta kuma yana tashinta tun kafin lokacin ci, kamar yadda aka bayyana a amsar abin da ke faruwa a jiki. Na ukun daga gare ka yake: duk ranar da ta yi kuka ka tashi ka zuba mata, ka matso da lokacin abincin baya, gobe kuma ɗokin zai fara kafin wannan sabon lokacin. Haka za a yi ta ja.

Ka raba tashinka da cinta. In ka farka, yi wasu hidimominka tukuna, sannan ka ba ta a tsayayyen lokaci. Ka ajiye wani kaso na abincinta zuwa dab da kwanciya. Na'urar da ke sakin abinci da kanta a lokacin da aka saita tana taimakawa, don dabbar takan koma tsaron na'urar ta ƙyale ƙofar ɗakinka. Kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu. Kada a doke ta, ba rashin kunya take yi ba.

Wanne ya fi wa dabba: tsayayyen lokaci ko a riƙa sassauyawa?

Masu kula da gidajen namun daji sun daɗe suna fama da wannan. Zaki ko damisar da ake ciyarwa a lokaci ɗaya kullum takan yi ta safa da marwa a bakin keji kafin lokacin, har ta fitar da turba a ƙasa. Don haka wasu gidajen suke ɓoye abinci a wurare daban-daban ko su sauya lokacinsa, dabbar ta sami abin nema maimakon abin jira. Amma bincike a kan birai ya nuna cewa abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne jinkiri: an saba musu da lokaci, ko sun ji alamar zuwan abinci, sannan shiru.

Ga dabbar gida da ta kiwo, ra'ayina shi ne a tsayar da lokacin babban abinci a kuma cika alƙawari. Wanda ya saba wa dabba da lokaci ya ɗauki amana, domin jikinta zai riƙa shiri saboda shi. Sannan kada a ɗauki tsarin ɓeran gwaji a ɗora wa kowa. Doki da zomo da masu tuƙa an gina cikinsu ne a kan ci kaɗan-kaɗan tsawon yini, ciyawa ba ta kamata ta yanke musu na sa'o'i masu yawa ba.

Lokacin cin abinci yana shafar lafiya, ko yawan abincin ne kawai?

A ƙananan ɓeraye dai yana shafa. A 2009 a Jami'ar Northwestern ta Amurka an bai wa rukuni biyu abinci mai maiƙo iri ɗaya na mako shida, ɗaya da dare lokacin farkawarsu, ɗaya da rana lokacin barcinsu. Masu cin rana suka fi ƙiba nesa ba kusa ba, alhali abin da suka ci bai bambanta sosai ba. A 2012 ɗakin binciken Satchin Panda a Cibiyar Salk ta Amurka ya nuna cewa ɓerayen da aka taƙaita wa cin abinci mai maiƙo zuwa awa takwas na dare sun tsira daga ƙiba da kitsen hanta, waɗanda aka bar wa kwano a buɗe dare da rana kuwa ba su tsira ba. Bayanin yana komawa ga abin da aka faɗa game da hanta: in ƙwaƙwalwa tana cewa dare ne, hanta tana cewa rana ce, aikin jiki yakan rikice.

Mu mutane fa?

Ba mu fita daga ciki ba. An auna girelin a jinin mutane an ga yana hawa kafin kowane abincin da suka saba ci, ya sauka bayansa. A 2017 a Jami'ar Surrey ta Ingila an jinkirta wa samari 10 duk abincinsu na yini da awa biyar. Tsarin hawa da saukar sukarin jininsu ya matsa da fiye da awa biyar, amma sinadaran melatonin da kotisol, waɗanda ke bin babban agogon ƙwaƙwalwa, ba su gusa ba. Rabuwar agogo biyun nan da aka gani a ɓeraye ce ta bayyana a jikin mutum, kuma ita ce masu aikin dare ke rayuwa da ita.

Yaushe ya kamata hankalina ya tashi?

Ranar da dabbar da ta saba rigan ka zuwa bakin kwano ba ta zo ba. Ɗokin nan yana da ƙarfi ƙwarai, har ɓeran da aka lalata wa babban agogon ƙwaƙwalwa bai rasa shi ba, don haka in ya ɓace farat ɗaya akwai dalili: zazzaɓi, ciwon haƙori, ciwon ciki, ko wani abin da ya fi haka. Akasin haka ma abin dubawa ne. Dabbar da ta koma neman abinci ba dare ba rana amma tana ramewa, ko tana yawan shan ruwa, tana iya kasancewa da ciwon sukari ko tsutsar ciki.

Kada a daɗe ana jira. Kyanwar da ta kwana biyu ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, hantarta tana iya taruwa da kitse ta lalace. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. In za ka je, ka tafi da bayanin lokacin da dabbar ta saba ci, da lokacin da ta yi cinta na ƙarshe, da abin da ta ci.